Wasan Jika da Ciwon Kan Tsoho

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kakana na wajen uba ya rasu, wanda duk unguwa ke kira Malam, ni kuma nake ce masa Tsoho tun ban iya ɗaura zani ba. Na karɓi ƙaddara, ban ja da ikon Ubangiji ba. Amma duk wanda ya ce in yi shiru a kan yadda aka yi ya tafi, to ya yi haƙuri, bakina bai saba ba.

Zaman makokin da aka yi a gidanmu na Panshekara shi ya ƙara ƙona mini rai. Maza sun cika rumfar ƙofar gida, abokan aikinsa na kamfanin fata sun zo daga Challawa, wasu ko wanka ba su tsaya yi ba, warin jima na biye da su. Mata kuma sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Ni ce mai kai ruwa zaure ina dawowa, kunnena na ta kwasar magana, kuma ba abin da na fi ji sai "ai ni na lura."

Wata maƙwabciyarmu ta gyara mayafi ta ce, "Ai ni tuni na ga yana jan ƙafar nan ta hagu. Na ce ikon Allah, Malam ya fara tsufa."

A zaure na ji mai shayin bakin titi yana cewa, "Wallahi kofi ya sha suɓucewa daga hannunsa. Ni dai sai in ɗauke kai in yi kamar ban gani ba, in sake zuba masa."

Ladanin masallacinmu ma ya ce a cikin salla ya ga Malam ya miƙe a inda ake zama, ya zauna a inda ake miƙewa. Kowa ya gama nasa sai ya girgiza kai ya rufe da, "Kwana ne ya ƙare."

Na dire tulun da ke hannuna a tsakiyar mata na ce, "To da kuka lura, wa kuka faɗa wa?"

Gwaggona ta fizgo ni ta toshe mini baki da tafin hannu. "Ke! Gidan rasuwa ne fa."

Na san gidan rasuwa ne. Shi ya sa na haɗiye, na bari aka naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa. Yanzu ga ni ga takarda, ba mai toshe mini baki.

Tsoho daga wani ƙauye na ƙasar Jigawa ya shigo Kano yana saurayi, da riga ɗaya da tabarma. A masaƙa ya fara, a Bompai. Da aka rufe ta ya koma kamfanin roba a Sharada, daga can ya zarce Challawa, inda ya yi sauran rayuwarsa yana tantance fatu. Aikinsa ke nan: a zube masa fatun awaki da tumaki, ya shafa, ya ɗaga ya duba, ya ce wannan ta ɗaya ce, wannan ta biyu, wannan a jefar. Shekarun ritaya sun wuce shi tuntuni, amma aka riƙe shi a kan kwantiragi saboda hannunsa. Ya san riƙon na jeka-na-yi-ka ne, ranar da aka ga ya gaza za a ce masa an gode.

Kekensa ya girmi auren mahaifina. An yi an yi ya karɓi babur ya ƙi, wai shi ba zai hau abin da sai an ba shi ya sha kafin ya tafi ba. Goro da farcen babban yatsa yake ɓare shi, kuma kullum sai ya ba da ɓarin da ya fi girma. In ya dawo da yamma, tun daga zaure yake ƙwala kira, "Ina amaryata? A zo a karɓi miji!"

Ni kuma in ce, "Allah ya kiyaye, ba na auren mai warin bunsuru. Je ka yi wanka tukuna."

Ya ce, "Warin nan shi ya biya miki kuɗin makaranta, mara kunya."

Haka muke tun ina rarrafe har na zama malamar firamare. Jika ce ni, an ba ni lasisin faɗa masa duk abin da na ga dama. A duk gidan nan ni kaɗai nake kallon idonsa, ni kaɗai nake cire masa hula in gudu, ni kaɗai nake ce masa ya yi ƙarya a zauna lafiya. Ina alfahari da wannan matsayi, ban san ranar da zai zame mini sarƙa tana tafe ba.

Ciwon kai kuwa, a wajen mutanen kamfani ba ciwo ba ne, abokin aiki ne. Ƙwayar maganinsa a aljihu ɗaya take zama da goro, kuma haka ake miƙa wa juna ita. Tsoho yakan ce kowace unguwar kamfani da irin nata. "Na Bompai ƙarar inji ce, ta kunne yake shiga. Na Sharada hayaƙin roba ne, a goshi yake zama. Namu na Challawa ta hanci yake hawa." Sai ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa, "Amma duk na kamfani ne, ranar Lahadi shi ma hutu yake tafiya. Wanda ya ƙi tafiya hutu, to wannan naka ne, ka nemi likita." Ma'aikata da yawa sun je asibiti saboda wannan maganar tasa.

Akwai wata al'ada a cikinsu da suke kira rufin asiri, kuma Tsoho ne ubanta. In ɗan kwantiragi ya kwanta ciwo ko ya ji rauni, ba a bari manaja ya sani, domin in ya sani, gobe wani ne a gurbin. Sai a ɓoye mutum a raba aikinsa. Na tuna wani magidanci, mutumin Nijar, da zazzaɓi ya kayar. Tsoho ya shimfiɗa masa buhu a bayan tarin gishirin fata, ya riƙa yin aikin mutum biyu har ya warke, kullum kuma da kwanon kunu daga gidanmu. Mutumin nan ya zo ta'aziyya, ya zauna a bakin kwata yana kuka kamar yaro, aka rasa mai ba shi haƙuri. Alherin Tsoho ne wannan, ban musa ba. Amma ku riƙe shi a rai, domin al'adar tana da baki biyu.

Rigimar da ta fi girma a gidanmu a kan hoton ƙwaƙwalwa aka yi ta, shekaru kafin rasuwarsa. Baffana, autan Tsoho, yana aiki a kamfanin buhu a Sharada. Tun yana saurayi yake da ciwon ɓarin kai. Sai ya fara ganin walƙiya a ido, ɓari ɗaya ya ɗauki sara, ya shiga ɗaki ya rufe taga, in ya yi barci ya tashi garau. Wata shekara wani abokin aikin Tsoho ya rasu aka ce ƙari ne a kai, sai tsoro ya kama shi. Ya tasa Baffa a gaba zuwa babban asibiti, ya ce in biyo su tunda ni ce 'yar boko, "kada su yi mana Turanci su sayar da mu."

Likitar mace ce, kuma ba ta yi gaggawa ba. Ta yi wa Baffa tambayoyi har ya gaji. Ta haska idonsa, ta sa shi ya matse mata yatsu da kowane hannu, ya yi tafiya ya dawo, ta ƙwanƙwasa masa gwiwa. Sannan ta juya ga Tsoho.

Ta ce, "Baba, ɗanku ba ya buƙatar hoto. Ciwon da ya shekara da shekaru yana zuwa iri ɗaya yana tafiya iri ɗaya, kuma na duba jiki ban ga komai ba, magani yake so da barci, ba inji ba."

Tsoho ya ce, "To wane ne yake son injin?"

Ta ce, "Wanda ya zo sabo ga mutumin da ya manyanta. Wanda kullum ƙaruwa yake. Wanda ke tashin mutum da asuba da amai, ko ya tsananta in an sunkuya. Wanda ya zo da nauyin hannu ko ƙafa ko harshe, ko mutum ya fara rikicewa, ko ya yi farfaɗiya. Wanda ya faɗo lokaci guda kamar an sara da gatari. Da wanda ya biyo bayan buguwa a kai, musamman ga dattijo irinku. Irin waɗannan ko gardama ba na yi, ni ce ma zan tura."

Ina tsaye a bayan kujerarsa, maganar ta zauna mini a kai daram. Shi kuwa sai ya gyara hula ya ce, "Likita, ni fata nake dubawa. Wata ka gan ta sumul, sai ka juya ka tarar tsutsa ta gama da ita. Ni sai na ga ciki."

Ta ce ba za ta rubuta abin da ba ta ga dalilinsa ba. Ya yi fushi, ya sayar da ragon da yake kiwo na layya, ya kai Baffa wani wurin kuɗi aka ɗauki hoton. Kai lafiya lau, ko ɗigo babu.

Wayyo, ranar gidan nan bai zaunu ba. Kakata, wadda muke kira Iya, ta ce ita ba ta taɓa ganin inda aka yi layya da ambulan ɗin hoto ba. Da Sallah ta zo maƙwabta na suya mu muna kallo, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa ambulan ɗin a saman kwaba ta ce, "Ga ragonmu can, ku gaishe shi." Baffa ya ce an mai da shi abin nuni, abokai na tambayarsa ko an samu ƙwaƙwalwar ma a ciki. Suka yi watanni shi da Tsoho sai gaisuwa. A kamfani kuma aka laƙaba wa Tsoho suna Likitan Kai. Mutum ne mai son girmansa, abin ya ci shi ƙwarai. Wata rana ina ba shi ruwan alwala ya ce mini, "Amarya, na yi na farko na yi na ƙarshe. Ko kaina zai rabe biyu, ba mai tura ni cikin ramin injin nan."

Na yi dariya a lokacin, domin abin dariya ne a lokacin.

Da daminar bara, wata rana ya dawo rigarsa jiƙe da ruwan jima, ya turo keken maimakon ya hau, hula ta sauko har ƙeya. Na ce, "Tsoho, yau kai aka jeme?" Ya ce santsi ne ya ɗan taɓa shi, ya wuce ɗaki. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Bayan 'yan makonni ciwon kai ya fara. Da farko ƙwaya ɗaya, sai biyu, sai na ga yana haɗiya kafin ya karya kumallo. Lahadi ta zo ta wuce, ciwon bai tafi hutu ba. Na ce masa, "Kai fa ka ce wanda ya ƙi hutu na mutum ne." Ya ce, "Wannan ɗan obataya ne, yana son ƙarin albashi." Aka yi dariya.

Ummata ce ta fara ganin aman. Suruka ce, ba ta kama sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, in ya shigo tsakar gida ita ɗaki take shigewa. Da asuba takan tarar ya yi amai a bakin magudana, sai ta yi maza ta wanke kafin gari ya waye, kada wani ya gani girman Malam ya zube. A kicin ta raɗa mini, ta kama hannuna ta ce, "Don Allah kada ki ce ni na faɗa."

Na je wa Abbana. Shi ne ɗan fari, kuma tunda aka haife shi Tsoho bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mutumin nan". Ko saƙo ne sai a bi ta bakin wani. Na lissafa masa abin da likitar nan ta faɗa: ga sabon ciwo ga tsoho, ga amai da asuba, ga ƙafa ta fara ja. Na ce ko a masallaci ai kuna sahu ɗaya, ba ku ga komai ba?

Ya kalli ƙasa ya ce, "Na gani. In ya yi sujada da ƙyar yake ɗagowa, yana dafe kai. Jiya ma raka'a ta ɓace masa."

Na ce, "To Abba, ku yi masa magana mana."

Ya ce, "Ni? In je in ce wa mahaifina ya fara kuskure a salla? Da wane idon? Ke dai da kuke wasa da shi, ki lallaɓa ki faɗa masa."

Na je wa Baffa, ya ɗaga hannu biyu ya ce shi da zancen hoto har abada, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Na je wa Iya, ta ce, "Tsufa ne da hawan jini. Ke kin fi son a sake sayar da wani ragon?" Ashe ita ta fi kowa sani, ita ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ita ke jin nishinsa. Kowa dai ya turo mini ƙwallon, wai ni ce mai baki.

Na faɗa kuwa. Da yamma yana kan tabarma, gida a cike, na ce, "Tsoho, ƙafar nan taka fa rubutu take yi a ƙasa. Ka zo mu je a ɗauki hoton kan nan."

Ya ce, "Kun ji ta ko? Amarya ta ga miji ya tsufa, ta fara neman hanyar gudu."

Gida ya kwashe da dariya, har da waɗanda suka aike ni. Na sake faɗa washegari, na sake faɗa bayan nan, na faɗa da fushi, na faɗa da lallashi. Duk yadda na juya maganar, da ta fito daga bakina sai ta zama wasan jika. Waɗanda in sun yi magana za a ɗauka da nauyi, kunya ta ɗaure musu harshe. Ni da harshena ke sake, maganata ba ta da nauyin ƙwayar gero. Wannan shi ne abin da ya kashe kakana, bayan ikon Allah, kuma ba zan fasa faɗa ba.

Ba wai an zauna ba a yi komai ba. An kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya. An karɓo rubutu ya sha, an yi tofi, an shafa man da wani ya kawo daga Dakata. Duk wannan ba wanda ya ji kunyarsa, domin ba sai an ce wa Malam "kun gaza" kafin a ba shi ba. Ya je ɗakin shan magani na kamfani ma. Ma'aikacin wurin ya zo mana gaisuwa daga baya, ya rantse mini cewa ya tambaye shi. "Na ce Baba, kuna amai? Ya ce a'a. Na ce kun faɗi ko kun bugu? Ya ce a'a. Na auna jini na ga ya ɗan hau, na ba shi magani." Ban ga laifinsa sosai ba. Likita ba boka ba ne, da abin da aka faɗa masa yake yanke wa zai shiga inji, wa zai koma gida da ƙwaya. Sai dai ina ma ya ce masa ya tashi ya taka ya gani.

Wata Juma'a Tsoho ya dawo daga masallaci, ya tsaya a tsakar gida yana waige-waige, sai ya ɗaga labulen ɗakin Ummata ya shiga, ya zauna a bakin gadonta yana cire takalmi. Mutumin da tunda aka kawo ta gidan ko inuwar ƙofarta bai taɓa takawa ba! Umma ta fito a guje ba mayafi ta faɗa gidan maƙwabta. Iya ta je ta kamo hannunsa ta mai da shi ɗakinsa, ta fito ta ce mana, "Ba wanda ya ga komai." Abba ya sa takalmi ya fice.

Ranar na ajiye wasa. Na shiga ɗakinsa, na durƙusa har ƙasa, abin da ban taɓa yi masa ba a rayuwata. Hawaye na zuba na ce, "Don girman Allah, don darajar iyayenku, ku bari a kai ku asibiti a duba kan nan. Ba wasa nake ba. Wallahi ba wasa nake ba."

Ya zuba mini ido, ɗayan ya ɗan lumshe. Na ga kamar ya gane, na ga kamar tsoro ya gifta masa. Sai Gwaggo ta leƙo ta ga ni a durƙushe ta tafa hannu ta ce, "Lallai yarinyar nan ta iya shiri, yau har da hawaye!" Waɗanda ke bayanta suka yi 'yar dariya, irin ta mutanen da ke neman mafaka.

Fuskarsa ta canza. Harshensa da nauyi ya ce, "Tashi. Wasa ma yana da iyaka. Kin mai da ni mahaukaci a gaban 'ya'yana."

Bai taɓa yi mini tsawa ba sai ranar. Da Abba ya dawo aka faɗa masa, shi ma ya ce na wuce gona da iri, in je in ba da haƙuri. Ban bayar ba. Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da Tsoho yana cikin hayyacinsa.

Ranar Litinin ya ce sai ya je aiki, an kawo kaya. Keken ma ya gagare shi, amininsa, wanda suke tare tun zamanin Bompai, shi ya ɗauke shi a babur. Kafin azahar aka yi wa Abba waya. Ya kife a kan tarin fatu, an yi an yi bai tashi ba. A bayan motar ɗaukar fata aka kai shi babban asibiti.

Muka taru a baranda, ni da Abba da Baffa da Iya da aminin. Likitan wani saurayi ne, idonsa ja don gajiya. Ya ce, "Yaushe ciwon kan ya fara? Yana amai? Akwai inda ya yi rauni a jikinsa? Ya rikice?"

Shiru. Wallahi ko a nan shiru suka yi, kowa na jiran wani. Ni na buɗe baki na zayyana masa komai, har da shiga ɗakin Umma, Iya na ta zungurina. A karo na farko wani ya saurare ni bai yi dariya ba, rubutawa ma yake yi.

Ya ce, "Ya taɓa faɗuwa ko ya bugu a kai?"

Abba ya ce a'a. Sai aminin ya sunkuyar da kai ya share ido da bakin riga. Ya ce, "Ya faɗi, likita. Da damina. Santsin ruwan jima ya kwashe shi, ƙeyarsa ta daki bakin kwatami. Ya ɗan suma ma. Mu muka ɗaga shi muka kai shi bayan gishiri har ya farfaɗo. Shi ya ce mu rufa masa asiri, in manaja ya ji tsoho ya faɗi, sallama ce. Shi ya koya mana, likita. Ya rufa wa kowa, ta yaya mu za mu tona masa?"

Likitan ya rubuta takarda ya ce a tafi ɗakin hoto yanzu-yanzu. Abin da aka yi watanni ana gudu, bai kai daɗewar dafa shayi ba. Ya kira mu ya nuna mana a allo. A gefen dama akwai wani abu kwance kamar jinjirin wata, ya danne ƙwaƙwalwar ya tura ta gefe.

Ya ce, "Jini ne. Tun faɗuwar nan yake tsatsa a hankali yana taruwa. Ga tsofaffi haka yake yi, sai an manta da buguwar sannan ya nuna kansa."

Baffa ya ce, "Ba ƙari ba ne?"

Ya ce, "Ba ƙari ba ne."

Ni ce na yi tambayar da kowa ke tsoro. Na ce, "Da an kawo shi tun yana jan ƙafa fa?"

Ya kalle ni, ya kalli Abba, kamar yana auna ko ya faɗa. Ya ce, "Rai na Allah ne. Amma da ya shigo nan da ƙafarsa, 'yar huda ce ake yi a zuƙe jinin. Da yawa suna tashi su koma gida. Yanzu ma za mu yi, sai dai ƙwaƙwalwar ta daɗe a danne."

Abba ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Likitocin sun yi aikin, sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu sai godiya. Tsoho bai farka ba. Ya yi 'yan kwanaki yana numfashi, ina zuwa ina zama kusa da kunnensa ina ce masa mai warin bunsuru, ko zai ji haushi ya rama. Da hantsin wata Alhamis ya cika.

Bayan an share makoki, Iya ta aika a kira ni. Tana zaune a kan tabarmar takaba, carbi a hannu, ta rame ta yi baƙi. Na zauna nesa kaɗan. Ta ce, "Ke kaɗai kika yi ta faɗa, na sani."

Na ce, "Haka ne, Iya."

Ta ja carbi ta ce, "Amma ke ma, da kin faɗa ba da wasa ba, da wataƙila ya ji."

Jama'a, na ji maganar nan har cikin ƙashina. Amsa ta zo mini har bakin leɓe: na durƙusa, na yi kuka, na haɗa shi da Allah, kuna tsaye kuna dariya. Da wace murya kuma kuke so in faɗa? Amma na dubi tsohuwar nan da ta rasa abokin zamanta na tun ƙuruciya, na ga neman inda za ta sauke kayan take, don sun fi ƙarfin wuyanta. Ni da ban taɓa barin magana ta kwana a cikina ba, ranar na yi irin ta gidanmu. Na ce, "Allah ya ba mu haƙuri, Iya," na tashi na fita.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da hannuwan da gishiri ya cinye wajen neman halal. Ya rufa wa bayinka asiri, kai ma ka rufa masa. Ka yalwata masa kabari, ka sa ciwon nan ya zame masa kankarar zunubi, ka haɗa shi da mutanen kirki. Mu kuma da muka rage, an ce in yafe, kuma ina so in yafe. Amma in na ce na riga na yafe, na yi ƙarya, kuma Tsoho bai koya mini ƙarya ba. Har yau in na shiga gidan nan ina gaishe da kowa yadda ya kamata, ina durƙusawa inda ake durƙusawa. Wasa ne dai ban ƙara yi da kowa ba.